Milimita 38, 42 ko 45: Zaɓen Faɗin Wuyan Gajeriyar Jitar Bas

Kwanakin baya ɗan yayata, wanda ke koyon walda da rana yana kuma koyon kiɗan bas, wato jita mai kaurin sauti, da dare tare da wasu samari a unguwar Nima ta Accra, ya same ni bayan la'asar yana murza tsintsiyar hannunsa ta hagu. Ya ce: "Kawu, jitar da nake aro ta fi ƙarfin hannuna. Na ga gajeru guda biyu a Zongo Lane, ɗaya wuyanta siriri, ɗaya mai ɗan faɗi, na rasa wadda zan ɗauka." Wata da watanni ya yi yana tara kuɗin, kuma ba shi da halin saye sau biyu. Mutane da yawa a Accra da Kumasi suna tsaye a inda ya tsaya, kuma akasarin shawarar da ake ba su ita ce mai ƙaramin hannu ya ɗauki siririn wuya, mai babban hannu ya ɗauki mai faɗi. A ganina wannan shawara rabin gaskiya ce, kuma ta sa wasu sun sayi abin da bai dace da hannunsu ba.

Abin da gajarta ke magancewa, da abin da ba ta taɓawa

Jitar bas ta yau da kullum tana da tsawon inci 34, wato milimita 864, idan aka auna daga jakin sama, wanda makaɗa ke kira nat, zuwa jakin ƙasa inda tsirkiya ke sauka a jikin jita. Kamfanin Fender ne ya kafa wannan awo da Precision Bass a 1951. Gajeriyar kuwa tana tsayawa a wajen inci 30, milimita 762, akwai kuma ƙanana irin su Ibanez Mikro masu inci 28.6. Wannan ragi yana matso da ƙarafan da aka gitta a kan wuya, wato firet, kusa da juna: daga firet na ɗaya zuwa na huɗu akwai kimanin milimita 130 a doguwar jita, a gajeriya kuwa kimanin 114. Ƙari a kan haka, idan kaurin tsirkiya ɗaya ne kuma sautin da aka ɗaure ta a kai ɗaya ne, ɗaurin gajeriya ya fi sassauci da kusan kashi 22 cikin 100, shi ya sa take da laushin dannawa.

Duk wannan magana ce ta tsawo, wato miƙa yatsu daga sama zuwa ƙasa. Faɗi kuwa wani abu ne daban, shi ne ke yanke yadda hannu zai rungumi wuyan da kuma yadda yatsu za su ƙetara daga tsirkiya zuwa tsirkiya. Ana auna shi a daidai jakin sama, inda wuyan ya fi tsukewa. Awo biyu ne suka mamaye duniyar bas mai tsirkiya huɗu (ana kiran tsirkiyoyin E, A, D da G, daga mafi kauri zuwa mafi siranta), kuma dukansu gadon Fender ne: inci ɗaya da rabi, milimita 38, na Jazz Bass da ta fito a 1960, da kuma milimita 41 da ɗoriya na Precision ta zamani. Tsofaffin Precision sun kai milimita 44.5. Bambancin 38 da 41 bai wuce kaurin ashana ɗaya da rabi ba, kuma idan aka raba shi tsakanin gurabe uku da ke tsakanin tsirkiyoyi huɗu, kowane gurbi milimita ɗaya kawai yake samu. Amma hannu yana jin wannan milimita ɗaya fiye da yadda ido ke ganinta.

Ma'aunan da za a bi

Na farko shi ne kaurin kan yatsu, ba tsawonsu ba. Mutum yana iya zama mai gajerun yatsu amma kawunansu masu faɗi da kanta, kamar yadda ake gani a hannun makaniki, maƙeri ko mai walda. Irin wannan yatsa idan ya danna tsirkiyar A a siririn wuya, gefensa yakan taɓa D ya kashe mata sauti ko ya sa ta ƙara marar daɗi. Akwai kuma mai dogayen yatsu sirara wanda siririn wuya ke yi wa daidai duk da girman tafinsa.

Na biyu shi ne mazaunin babban yatsa. Wanda ke ajiye shi a tsakiyar bayan wuya, kamar yadda malaman kiɗa ke koyarwa, faɗi ba ya damunsa sosai, domin yatsunsa suna saukowa daga sama. Wanda ke riƙe wuyan kamar ƙotar fartanya, babban yatsa yana leƙowa ta saman tsirkiyar E don ya kashe ta, kowace milimita ta ƙari tana buɗe masa tafin hannu, kuma gajiya tana zuwa da wuri.

Na uku, wanda masu saye suka fi mantawa da shi, shi ne kaurin wuyan daga gaba zuwa baya da siffar bayansa. Masu ƙira suna kwatanta siffar da haruffa, C ga mai matsakaicin zagaye, U ga mai cika hannu, D ga mai shafaffen baya. Abin da hannu ke kewayewa shi ne faɗi da kauri a haɗe, saboda haka wuya mai milimita 38 mai kaurin baya yana iya cika hannu fiye da mai 41 mai shafaffen baya. Na sha ganin wanda ya ce faɗi ne ke wahalar da shi, da aka duba sai aka tarar kauri ne, ko kuma tsirkiyoyin ne suka yi nisa da firet saboda ba a taɓa saita jitar ba.

Na huɗu shi ne tazarar tsirkiyoyi a jakin ƙasa, wadda ta shafi hannun dama. A yawancin dogayen Fender milimita 19 ce tsakanin tsirkiya da tsirkiya, amma wasu gajerun jitoci sun tsuke ta ƙwarai. Daga nan sai farashi, ƙarko a yanayinmu, sauƙin samun tsirkiya, da haɗarin da ke cikin sayen.

Siririn wuya, milimita 38

Nan ne kasuwa ta fi cika. Squier Bronco, Squier Classic Vibe Mustang, Fender Player Mustang, Epiphone EB-0, gajeriyar StingRay ta Sterling, da Ibanez Mikro mai tsirkiya huɗu, duk a wannan awo suke. Ta fuskar farashi shi ya fi ba da zaɓi, domin Bronco da Mikro suna cikin mafi araha a sababbin jitocin kamfanonin da aka sani, kuma su ne aka fi cin karo da su a kayan hannu da ke shigowa ta tashar Tema. Fender Mustang kuwa takan ninka kuɗin Bronco sau da dama. Ban ga amfanin kawo adadin sidi a nan ba, tun da farashin kayan kiɗa yana bin dala yana hawa yana sauka.

Ta fuskar sauƙi, wannan wuya ya fi karɓar sabon hannu. Wanda ya saba da ƙaramar jita mai tsirkiya shida yakan ji kamar yana gida, haka ma mata da yara da duk wanda tsintsiyar hannunsa ke ciwo. A kiɗan hailaif, inda bas ke yawo yana tsallaka tsirkiyoyi cikin sauri, kusancin tsirkiya yana rage wa yatsu tafiya. Kada kuma a ɗauka siririn wuya yana rage nauyin sauti: Aston Barrett, wanda ya riƙe bas a ƙungiyar The Wailers, da Jazz Bass aka fi saninsa, kuma babu mai cewa sautinsa bai cika ba.

Haɗarinsa iri biyu ne. Na ɗaya shi ne cunkoson yatsu da na ambata. Na biyu kuwa ya fi fitowa a jitoci masu araha: idan ba a yanka jakin sama da kyau ba, tsirkiyar G takan zauna dab da bakin wuya, kuma da zarar an ɗan ja ta ƙasa sai ta zame daga kan firet. A wuya mai faɗi akwai filin gyara wannan, a siriri kuwa filin kaɗan ne. Ga masu sha'awar EB-0 akwai ƙarin abin lura, wato kanta yakan rinjayi jikinta idan an rataya ta, sai hannun hagu ya koma yana tallafe wuya maimakon kiɗa, gajiyar da mutum zai iya ɗora wa faɗi alhali ba laifinsa ba ne.

Game da ƙarko, ana yawan cewa siririn wuya ya fi saurin lanƙwasa. A doguwar jita akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma a gajeriya wuyan bai da tsawo kuma jan tsirkiya ya ragu, saboda haka ingancin katako da lafiyar sandar ƙarfen da ke cikin wuya, wadda ake juyawa don miƙe shi, sun fi faɗin muhimmanci nesa ba kusa ba.

Matsakaici, kusan milimita 40

Gretsch Junior Jet mai inci 30.3 tana nan tsakiya, kuma farashinta ma matsakaici ne. Wanda 38 ta matse shi kaɗan, 42 kuma ta buɗe shi da yawa, zai ji daɗinta. Matsalar ita ce jitocin wannan aji ba su da yawa a shagunanmu, kuma ban ba kowa shawarar ya yi odar abin da bai taɓa riƙewa ba saboda milimita biyu.

Mai faɗi, milimita 41 zuwa 42

A nan akwai Ibanez Talman TMB30 mai milimita 41, da wasu nau'o'in Fender Mustang masu 41.3, da Höfner mai siffar goge wadda Paul McCartney na ƙungiyar The Beatles ya sa duniya ta san ta, mai milimita 42. Ya kamata mai saye ya lura cewa sunan Mustang, wadda aka fara yi a 1966, yana zuwa da awo biyu, don haka suna kaɗai ba ya gaya maka faɗi. Talman tana ajin masu araha, Höfner ƙirar Sin tana tsakiya, ƙirar Jamus kuwa tana can sama inda mai koyo ba shi da dalilin kai hannu.

Abin da ya sa nake ganin an raina wannan aji shi ne wata dama da yake da ita wadda siririn wuya ba shi da ita. Faɗin katako ba ya canzuwa, amma jakin sama ƙaramin abu ne na roba ko ƙashi wanda mai gyaran jita zai iya cirewa ya yanka sabo da kuɗi kaɗan. A wuya mai milimita 41 ana iya matso da tsirkiyoyi kusa da juna har su yi kama da na 38, ko a bar su a buɗe. A wuya mai 38 kuwa ba za a iya buɗe su ba sai sun faɗa bakin firet. Ke nan wanda ya yi kuskure ya sayi mai faɗi yana da rabin magani, wanda ya yi kuskure ya sayi siriri ba shi da shi sai sayarwa. Ba na cewa sabon jaki yana rage abin da tafin hannu ke riƙewa, wannan yana nan yadda yake, amma yana rage tafiyar yatsu.

A kiɗan rege da ake ji ko'ina daga Nima zuwa Mamobi, inda sauti ɗaya ke daɗewa kuma shirun da ke tsakanin sautuka yake da daraja kamar sautin kansa, filin da ke tsakanin tsirkiyoyi yana taimaka wa mai kiɗa ya danna ɗaya da ƙarfi ya kashe sauran da tsabta. Haka kuma wanda ke kiɗa da Precision a wurin biki ko a coci, yana neman gajeriya don atisaye a gida, hannunsa ba zai riƙa rikicewa tsakanin biyun ba.

Höfner tana buƙatar gargaɗi na musamman. Duk da faɗinta a sama, wuyanta ba ya buɗewa sosai yayin da yake gangarowa, kuma tsirkiyoyinta a jakin ƙasa sun matsu fiye da na Fender ƙwarai. Mai kaɗawa da 'yar roba, wato ɗan faifan da ake riƙewa tsakanin yatsu a daki tsirkiya da shi, zai ji daɗinta, mai dukan tsirkiya da babban yatsa yana fincikar ta da manuni kuwa zai rasa inda zai sa yatsa. Jikinta rami ne, ba ta kai kilo 3 ba, abin da ke hutar da kafaɗa, amma wuyanta manne yake da gam ba da kusoshi ba, kuma irin wannan jiki ba ya jure matsi a bayan motar haya ta tɔrɔtɔrɔ ko zafin but ɗin tasi. Squier da Ibanez wuyansu da kusoshi aka ɗaure, ana iya kwancewa a gyara ko a sauya.

Tsirkiya biyar, milimita 45

Ibanez na yin gajeru masu tsirkiya biyar, Mikro da Talman, dukansu a milimita 45. Wuyan ya fi faɗi amma tsirkiyoyin sun fi matsuwa, wato mutum ya haɗa wahalar faɗi da ta cunkoso. Tsirkiya ta biyar da aka ƙara kuma, wato B mai sautin can ƙasa, takan yi sako-sako a gajeren tsawo. Wanda kiɗansa ke buƙatar waɗannan sautuka na can ƙasa, kamar masu raka mawaƙan coci da ke yawan sauya murya, yana da hujja. Wanda ke gudun ciwon hannu ba shi da ita.

| Faɗi | Misalai | Farashi | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| 38 | Bronco, Mikro, Player Mustang, EB-0 | Daga mafi araha zuwa mai tsada | Ya fi karɓar sabon hannu | Cunkoson yatsu, zamewar G |
| Kusan 40 | Gretsch Junior Jet | Matsakaici | Daidai ga yawancin hannuwa | Wuyar samu a gwada |
| 41 zuwa 42 | Talman TMB30, wasu Mustang, Höfner | Daga araha zuwa mai tsada ƙwarai | Fili ga yatsu masu kauri | Gajiya ga mai rungumar wuya |
| 45 | Mikro da Talman masu tsirkiya biyar | Ɗan sama da masu huɗu | Sai wanda ya ƙware | B mai sako-sako, wuyar tsirkiya |

Yanayi, tsirkiya da kasuwa

Katako yana shan danshi yana kumbura, yana bushewa yana tsukewa, ƙarfe kuwa ba ya bin sa. Jitar da ta sha iskar teku a Accra ko ruwan Kumasi, idan hunturu ya sauko daga Disamba zuwa Fabrairu, wuyanta yakan ɗan tsuke har bakunan firet su leƙo kamar haƙoran zarto. Mai rungumar wuya da tafin hannu shi ya fi jin wannan, musamman a siririn wuya inda fatar hannu ke manne da baki. Gyaran ba shi da wuya, mai gyara zai goge bakunan da magagari, kuma ya fi kyau a yi shi a tsakiyar hunturu lokacin da suka fito gaba ɗaya. Kafin a biya kuɗin jitar hannu, a sa mai shago ya ɗan juya sandar ƙarfen cikin wuya a gaban ido. Idan ta ƙi motsi ko kanta ya cinye, a bar jitar komai daɗin faɗinta.

Tsirkiya ma abin tunani ce, domin akasarin abin da ke shagunanmu na inci 34 ne. Idan aka ɗaura irin wannan a gajeriya, ɓangaren mai kauri yakan naɗe a kan makunnin da ake murzawa a ɗaure ta, ya ƙi zama ko ya tsinke. Mustang da tsirkiyarta ke ratsawa ta cikin jiki takan so ta matsakaicin tsawo, Höfner kuma tana da tata ta musamman. Mai tsirkiya biyar shi ya fi kowa shan wahalar nema.

A kasuwa akwai jitoci masu ɗauke da tambarin manyan kamfanoni alhali kwaikwayo ne, kuma awonsu ba ya bin na asali. Saboda haka a tafi da tef ɗin tela a auna a daidai jakin sama. Wanda ya ga talla a Jiji ya nemi hoton tef a kan wuyan, kuma kada ya tura kuɗi ta MoMo kafin ya riƙe jitar a hannunsa.

Gwajin da nake sa mutane su yi ba ya wuce minti ashirin, amma a tsaye ake yinsa da maratayi, ba a zaune ba. A danna firet na ɗaya a tsirkiyar E da manuni, sannan firet na uku a tsirkiyar D da ƙaramin yatsa, a yi ta maimaitawa ana hawa ana sauka. Wannan tsallaken shi ke tona asirin faɗi. Idan naman da ke gindin babban yatsa ya fara zafi, wuyan ya yi faɗi ko kauri. Idan kuma tsirkiyar da ba a taɓa ba tana ƙara, ko wadda ake so tana mutuwa, ya yi siriri.

Wa ya dace da wanne

Yaro ko yarinya da ke farawa, da mai siraran yatsu, da wanda ya taso daga ƙaramar jita, da mai leƙo da babban yatsa ta sama, su nufi 38, kuma idan hannun ƙarami ne sosai Mikro ta fi Bronco sauƙin miƙa. Wanda dole ya saya ba tare da gwaji ba, misali ɗan'uwa ne zai aiko masa daga Ingila ko Jamus, shi ma 38 ta fi masa aminci idan yatsunsa ba masu kauri ba ne, kuma ita ta fi saurin samun mai saye idan ya so rabuwa da ita. Mai kawunan yatsu masu faɗi, da wanda ya saba da Precision, da mai kiɗan rege da ke danna tsirkiya da ƙarfi, su nemi 41 ko 42. Mai ciwon kafaɗa da ke kaɗawa da 'yar roba, kuma yana da akwatin ajiya mai ƙarfi, Höfner za ta yi masa. Tsirkiya biyar kuwa sai wanda ya riga ya san waƙoƙin da zai buƙaci B a cikinsu.

Da muka koma Zongo Lane da ɗan yayata, siririyar ya fara ɗauka, domin ita ce zuciyarsa ta kwanta da ita tun farko. Bai yi minti biyar ba na ga gefen yatsansa na tsakiya, wanda walda ta yi wa kanta, yana kwanciya a kan D duk lokacin da ya danna A. Mai shagon ya miƙo masa ɗayar, muka sa tef muka ga milimita 41, bayan wuyan kuma shafaffe ne. Ya yi ta kaɗawa har aka kira magariba bai saki hannu ya yarfe ba ko sau ɗaya. Ita ya biya, muka bar ta wurin mai gyara ya sassauto da ramukan jakin sama, ragowar kuɗin kuma ya sayi tsirkiya ta inci 30 saiti ɗaya ya ajiye.